A Sayar da Gidan Cikin Ƙanƙara, ko a Jira Ta Narke?

Ana saura mako guda a yi bikin Thanksgiving, bikin godiyar da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba, Yaya ta kira ni da daddare. An yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Dallas, zai fara a Janairu, gidansu kuma yana Brooklyn Park, arewa da Minneapolis. Ta ce, "Duk wanda na yi wa maganar a masallaci cewa yake kada mu kuskura mu sa gidan a kasuwa yanzu, wai sai ƙanƙara ta narke. Kai da ka taɓa sayarwa, me ka gani?"

Na ce, "Yaya, kafin in ba ki amsa, gaya mini abu ɗaya. Daga Janairu zuwa Afrilu, wa zai riƙa kwana a cikin gidan?"

Ta yi shiru, sannan ta ce babu kowa.

A wurina wannan tambayar ita ce ke raba gardama. Masu cewa a jira ba ƙarya suke yi ba, kasuwar gidaje a Amurka tana da lokacin cinta. Amma jira yana da farashi, kuma farashin jiran mutumin da ke zaune a gidansa daban yake da na wanda ya kulle gida ya bar shi cikin sanyin Minnesota. Zan ɗora hanyoyin biyu a sikeli, da misalin jihar da nake zaune, domin 'yan'uwanmu da suka mallaki gida a jihohin sanyi irin su Minnesota, Michigan, Ohio, Illinois da New York. Wanda yake Arizona ko Florida lissafinsa ya bambanta, domin can hunturu ne lokacin da mutanen arewa ke kwarara suna gudun sanyi, kasuwa ba ta kwanciya kamar tamu.

Bari in fara da hujjar masu jira, don tana da ƙarfi. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zan kira bazara a nan, masu neman gida suna fitowa da yawa. Alƙaluman da ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, ke fitarwa kowane wata suna nuna abu guda shekara da shekaru: yawan gidajen da ake sayarwa da matsakaicin farashinsu suna hawa har wajen Yuni, su faɗi ƙasa a Janairu da Fabrairu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai iyali yana son ya gama ciniki a Mayu ko Yuni, ya kwashe kaya lokacin dogon hutu, yara su fara sabuwar makaranta a farkon Satumba ba tare da an raba musu shekara biyu ba. Ga rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, mutum ya tashi daga aiki ya ga gida uku kafin magariba. Ga ciyawa ta yi kore, bishiyoyi sun yi ganye, gidan da ya yi fari fat da duhu a Janairu ya fito da kyansa. Idan masu saye suka yi yawa, sai biyu ko uku su yi tayi a kan gida ɗaya, nan ne farashi ke wuce abin da aka rubuta.

Sai dai akwai abin da alƙaluman ba sa faɗa kai tsaye. Wani ɓangare na hawan matsakaicin farashi a bazara ya samo asali ne daga irin gidajen da ake sayarwa a lokacin: manyan gidajen iyali masu ɗaki huɗu da fili a baya sun fi fitowa. Ba wai gidanka na Disamba ne zai ƙara wannan kuɗin gaba ɗaya a Mayu ba. Kuma ba masu saye kaɗai ke fitowa a bazara ba, masu sayarwa ma fitowa suke yi. Duk maƙwabtanka da aka ba wa shawarar "jira ƙanƙara ta narke" za su kafa allunansu mako ɗaya da kai. Idan gidanka yana da wata 'yar tawaya, kicin ɗinsa na tsohon yayi ne, ko yana bakin babban titi mai hayaniya, ko filinsa ƙarami ne, to a Mayu za a jera shi da gidaje goma da suka fi shi. A Disamba wataƙila shi da wasu biyu ne kawai a unguwar.

Wannan shi ne ƙashin bayan hujjar sayarwa a hunturu: masu saye kaɗan ne, amma kayan kasuwar ma kaɗan ne, kuma wanda ya fito ba kallo ya zo yi ba. Mutumin da ya share ƙanƙarar motarsa ranar Asabar ta tsakiyar Disamba, ya ɗaura wa yara rigunan sanyi, ya tuƙo minti arba'in don ya ga gidanka, akwai abin da ya koro shi. Ko an yi masa canjin aiki zai fara da sabuwar shekara, ko hayarsa ta kusa ƙarewa, ko ya sayar da nasa yana zaune a gidan surukai, ko haihuwa ta matso. A bazara za ka buɗe gida ranar Lahadi mutum talatin su shigo, rabinsu maƙwabta ne da ke son ganin yadda ka shirya falonka. A hunturu mutum biyar za su zo cikin mako biyu, biyu daga cikinsu riƙe da takardar amincewar banki.

Amma kada a yi wa wannan hujja kwalliyar da ba ta da ita. Mai sayen hunturu ya san ba shi da abokan takara da yawa, ya kuma san wanda ya sa gida a kasuwa ana Kirsimeti akwai abin da ya matsa masa. Zai taya ƙasa. Zai nemi ka biya masa wani ɓangare na kuɗin rufe ciniki, ko ka ba da kuɗin da banki zai rage masa kuɗin ruwa. Tun daga 17 ga Agustan 2024, bayan sulhun da NAR ta yi a kotu, ba a rubuta la'adar dillalin mai saye a rumbun tallan gidaje da dillalai ke amfani da shi, kuma mai saye yana sa hannu a yarjejeniya da dillalinsa kafin a zagaya da shi. Wannan ya mayar da la'adar abin ciniki a fili. A kasuwar da ta cika kana iya cewa albarka. A Janairu, da tayi ɗaya a hannunka, da wuya ka ƙi biyan la'adar dillalinsa. Duk wannan sai a sa shi cikin lissafi.

To ga lissafin, wanda shi ne na roƙi Yaya ta ɗauki biro ta yi. Lambobin misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce gida ya kai dala 350,000, saura bashin dala 250,000 a kansa da kuɗin ruwa kashi 6.5 cikin ɗari. Kuɗin ruwa kaɗai, ban da uwar kuɗin da ke rage bashi, ya kai kusan dala 1,350 a wata. A ce harajin gida 375, inshora 200, gas da lantarki 300, mai share ƙanƙara 100. Jimla wajen dala 2,300 kowane wata. Daga Disamba zuwa Afrilu wata huɗu ke nan, sama da dala 9,000, kusan kashi 2.7 cikin ɗari na darajar gidan. Kuma Afrilu lokacin sa gida a kasuwa ne, ba lokacin karɓar kuɗi ba, domin cinikin da banki ke ciki yakan ɗauki kwana 30 zuwa 45 bayan an sallama. Ma'ana sai bazara ta ƙara maka kusan kashi 3 cikin ɗari kafin ka dawo inda kake. Tana iya ƙarawa, tana iya ƙin ƙarawa. Dala 9,000 ɗin kuwa tabbas za su fita.

Wanda ya ci bashinsa a 2020 ko 2021, lokacin da kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya sauka har kashi 2.65 a Janairun 2021 bisa ƙididdigar kamfanin bashin gidaje na Freddie Mac, jiransa ya fi araha. A kashi 3, kuɗin ruwan misalin nan dala 625 ne a wata, jimlar wata huɗu ta dawo wajen 6,400. Wanda ya saya ta hanyar kamfanonin da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Guidance Residential ko UIF, shi ma ya ware abin da yake biya na amfani da kason da kamfanin ya mallaka a gidan daga abin da yake biya na sayen kason, na farkon shi ne asarar jira.

Idan kuwa kana cikin gidan da iyalinka, lissafin nan duk ya rushe. Kuɗin da kake kashewa kuɗin matsuguninka ne, ko ka sayar sai ka biya irinsa a wani wuri. Jiranka kusan kyauta ne. Shi ya sa na ce tambayar wa zai kwana a gidan ita ce kan gaba.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga takarda sai ya faru, wannan kuwa a jikina na koye shi. A kakar 2018 muka tare a sabon gida, muka bar tsohon babu kowa. Shawarar da na bi ita ce ta jira. Na bar na'urar ɗumama gida a kunne, ina leƙawa kowace Asabar. A ƙarshen Janairun 2019 sanyin nan ya sauko, ranar 30 ga wata ma'auni ya nuna digiri 28 ƙasa da sifili na Farenhait a Minneapolis, wato kusan 33 ƙasa da sifili na Selshiyos. Ranar Asabar na je, tun daga bakin ƙofa na ji gidan shiru, babu wannan ƙugin na'ura da kunne ya saba da shi. Numfashina yana fita kamar hayaƙi a cikin falo. Da na sauka ɗakin ƙasa sai ƙafata ta nutse a kafet, ruwa ya jiƙa safata. Na'urar ta tsaya a tsakiyar mako, bututun da ke bin bangon arewa ya daskare ya tsage, da sanyin ya sassauta sai ya fara zuba. Na tsaya da tocilan ina kallon fentin bango ya kumbura kamar ƙuna. Na kira uwargida, ta ce, "Baban yara, ka rufe babban famfon tukuna, sauran magana ta biyo baya." Watan da ya biyo baya, Fabrairun 2019, an yi dusar ƙanƙara inci 39, wadda ba a taɓa yin irinta a Fabrairu ba a tarihin birnin. Ƙanƙara ta daskare a bakin rufi ta tare hanyar ruwa, sai da na ɗauko masu narkar da ita da tururi. Gidan da na so in sa a kasuwa a farkon Afrilu bai shiga ba sai tsakiyar Mayu, kuma dole na rubuta labarin ruwan a takardar bayanin da doka ta wajabta wa mai sayarwa. Kowane mai saye ya karanta, kowanne ya tambaya.

Abin da ya cece ni wajen inshora shi ne na iya nuna takardun gas, shaidar cewa na bar ɗumi a kunne. Yawancin inshorar gida ba ta biyan ɓarnar daskarewar bututu sai an nuna an kula da ɗumin gidan, ko an rufe ruwa an tsiyaye bututun. Da yawa kuma suna rage abin da suke ɗauka idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa. Duk wanda zai bar gida a rufe, ko sayarwa zai yi a hunturu ko jira, ya kira kamfaninsa ya faɗa musu gaskiya, ya tsayar da ɗumi kada ya gaza digiri 55 na Farenhait, ya sa ma'aunin da ke turo saƙo a waya idan ɗumi ya faɗi. Kuma ya sani Minneapolis tana ba mai gida awa 24 bayan ƙanƙara ta tsaya ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa, in ba haka ba birni ya share ya aiko masa da takardar biya.

Ba kowace shekara ce 2019 ba. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka rubuta a nan, an yi Kirsimeti ciyawa a waje babu ƙanƙara. Amma a Nuwamba, lokacin da kake yanke shawara, ba ka san wanne za a ba ka ba. Haka kuɗin ruwa. A Oktoban 2023 ya kai kusan kashi 7.8, kafin ƙarshen Disamba ya sauko ƙasa da 7. Motsin kashi ɗaya a kuɗin ruwa yana canza abin da mai saye zai iya biya fiye da yadda koren ciyawa ke canzawa, kuma ba ya bin kalanda.

Yanzu wahalar aikin kanta, ga wanda ya zaɓi hunturu yana zaune a gidan. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma a Minneapolis, don haka duk mai zuwa bayan aiki cikin duhu zai ga gidanka. Kowace fitila a kunne, ciki da waje, labule a buɗe da rana. Hanya a share har ƙasa, a watsa gishiri, domin idan baƙo ya zame a matakalarka magana ta zama ta lauyoyi. A bakin ƙofa a shimfiɗa babban abin goge ƙafa da wurin ajiye takalma. Sa'ar da muka yi ita ce mutanen Minnesota sun saba cire takalmi a gidan mutane a hunturu, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Abin da ba kowane dillali zai iya gaya maka a fuska ba, ni zan faɗa, tunda gidajenmu iri ɗaya ne. Gida a hunturu a rufe yake ruf, wata huɗu ba a buɗe taga. Daddawa, manja, soyayyar albasa da tattasai, kifi busasshe, turaren wuta, duk suna kama labule da kafet da kujeru. Mu hancinmu ya saba, a wurinmu ƙamshin gida ne. Baƙon da ya shigo daga iska mai sanyi shi ne abu na farko da zai tarbe shi, kafin ya ga faɗin falo. Dillaliyar Yaya ta yi ta kewaye-kewaye, sai ni na fassara mata. Yaya ta ce, "Yanzu miyar kukar ma sai na daina?" Na ce, "Na mako uku ne, Yaya. A wanke kafet da labule, a canza matatar na'urar ɗumi, a buɗe tagogi minti goma kafin su zo ko da sanyi." A bazara wannan matsala rabinta tana warware kanta da buɗe taga. Maki ɗaya ke nan ga masu jira.

Game da ado, babu wanda ya ce sai ka kafa bishiyar Kirsimeti kafin gidanka ya sayu. Wanda yake bikin ya yi adonsa daidai kima, kada ya cika falo har a kasa ganin girmansa, kuma a ɗauki hotunan talla kafin a yi adon, don hoton da ke da kayan Kirsimeti yana tona asirin daɗewar gida idan aka shiga Fabrairu. Wanda ba ya yi, tsafta da haske da ɗumi sun wadatar. Idan tun Satumba ka san za ka sayar, ɗauki hoton waje lokacin da ganye ke kan bishiya ka ajiye.

Hunturu yana da wani amfani da ba a cika ambata ba: yana nuna gaskiyar gida. Idan tagoginka sababbi ne, rufinka yana riƙe ɗumi, na'urarka ba ta daɗe ba, mai saye zai ji da fatarsa, kuma kana iya ajiye takardun gas na bara a kan tebur ya gani. Gidan da ke shan iska ta ko'ina kuwa, Janairu ne zai fallasa shi. A ɗaya gefen, mai binciken gida ba zai iya hawa rufin da ƙanƙara ta rufe ba, ba zai gwada na'urar sanyaya ɗaki ba idan waje ya gaza digiri 60 ko makamancin haka, don gwajin na iya lalata ta. Abin da bai gani ba zai rubuta bai gani ba, mai saye kuma ya nemi ragi ko garanti. Maganinsa shi ne takarda: rasit ɗin gyaran rufi, na duba na'urar sanyi a watan Agusta. Aikin waje da sanyi ya hana, kamar fenti ko siminti, akan ajiye kuɗinsa a hannun kamfanin da ke rufe ciniki har bazara. Gwajin radon ma, wata iska mai cutarwa da ke tasowa daga ƙasa ta shiga gida, wadda dokar Minnesota ta ce mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani a kanta, yakan fito da lamba mafi girma a hunturu saboda gida a rufe yake. Idan ya kai 4 a ma'aunin hukumar kare muhalli ta EPA, shirya jin maganar sa bututun fitar da ita. Mazauna cikin Minneapolis da St. Paul kuma su tuna biranen biyu suna buƙatar rahoton binciken gida kafin sayarwa, a nemi mai yinsa da wuri kafin hutu ya ɗauke mutane.

Sai maganar haraji, wadda a wasu lokuta ita kaɗai ta isa ta yanke hukunci. Dokar Amurka ta yafe harajin riba har dala 250,000 ga mutum ɗaya, 500,000 ga ma'auratan da ke cike takarda tare, muddin sun mallaki gidan sun kuma zauna a ciki shekara 2 cikin 5 na ƙarshe. Idan shekara biyunka za ta cika a Fabrairu, rufe ciniki a Disamba na iya jawo maka harajin da jiran mako takwas zai kawar. Wanda canjin aiki ya tayar, kamar su Yaya, yana iya samun wani kaso na yafiyar ko bai cika ba. Idan kuma ribar ta wuce iyaka, ranar rufe ciniki, 30 ga Disamba ko 3 ga Janairu, ita ke nuna shekarar da harajin zai faɗa. Ɗan'uwan da ya koma gida Najeriya ko Nijar, ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ba shi da katin zama a can, ya sani akwai dokar da ke sa a riƙe kashi 15 cikin ɗari na kuɗin sayarwa a miƙa wa hukumar haraji ta IRS, sai daga baya ya nemi abin da ya rage nasa. Awa ɗaya da akanta kafin a kafa allo ta fi duk shawarar da za a ba ka a wurin walima.

Mu kuma muna da kalandarmu a kan tasu. Disamba ne lokacin da da yawa daga cikinmu ke tafiya gida, yara suna hutu, ga bukukuwan aure a jere. Gidan da ke kasuwa yana son mai shi a kusa: tayi yakan zo da wa'adin awa 24 ko 48, ga bambancin awa bakwai tsakanin Minnesota da Kano a hunturu, ga intanet da ke iya yankewa ana tsakiyar sa hannu. Ana iya yi, ta hanyar ba wani amintacce wakilci a rubuce kafin tafiya, ko a tabbatar da sa hannu a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsa na Legas, amma sai an tsara da kamfanin rufe ciniki tun kafin a hau jirgi. Sannan azumi. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 a tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Wato 'yan shekarun nan makonnin da mai jiran bazara zai yi fenti da kwashe tarkace da wanke kafet suna faɗawa cikin Ramadan ko dab da shi. Wanda ya taɓa fita da yara daga gida ƙarfe biyar na yamma saboda masu kallo za su zo, alhali kunun buɗa-baki yana kan wuta, ya san abin da nake nufi. Mai niyyar jira ya gama aikin hannu a Janairu, lokacin ma masu fenti da kafintoci sun fi samuwa.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ta fi dacewa da mutane da yawa, ita ce tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. Hutu ya wuce, masu neman gida sun dawo kan shafukan tallan gidaje irin su Zillow da Redfin da sabuwar niyya, amma maƙwabta ba su fito da nasu ba tukuna. Kana samun wani abu na ƙarancin kaya irin na hunturu, da wani abu na yawan masu saye irin na bazara. Makonni biyun da ban ga amfanin fara talla a cikinsu ba su ne daga wajen 20 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu. Kwanakin farko na talla su ne mafi daraja, a lokacin ne ake tura wa duk masu nema sanarwar sabon gida, bai kamata a ƙone su mutane suna filin jirgi ba.

Hanyar da nake roƙon kowa ya guje mata kuwa ita ce ta tsakiya mara kyau: a sa gida a Nuwamba da farashin Mayu, a ce "mu gwada, in bai tafi ba ma jira." Shafukan talla suna ƙirga kwanakin da gida ya yi a kasuwa, kowa yana gani, har da tarihin ragin farashi. Gidan da ya kwana 100 ya yi kwantai. Idan masu sayen bazara suka fito, tambayarsu ta farko ita ce me ke damunsa, sai su wuce zuwa wanda aka kafa wa allo jiya. Ka sha wahalar hunturu, ka kuma rasa ribar bazara. Idan za ka shiga a hunturu, sa farashin da gidaje irin naka suka sayu a wata uku da suka wuce, ba wanda kake fata ba.

Wanda zai sayar don ya sayi wani a gari ɗaya, bambancin lokaci bai kai yadda yake tsammani ba. Ƙarin da zai samu a Mayu zai mayar da shi, wataƙila da ɗori, wajen sayen babban gida a cikin takara. A hunturu ya sayar da ɗan ragi ya saya da ɗan ragi, kamfanonin kwasar kaya ma sun fi sauƙin samu. Ga mai hawa daga ƙaramin gida zuwa babba, ni hunturu nake zaɓa masa.

Don haka abin da na gaya wa Yaya shi ne: da a ce suna nan zaune, babu abin da ke korarsu, gidan kuma irin na masu yara ne kusa da makaranta, da na ce su gyara a Janairu su fito bayan Sallah. Amma gida zai zama kango daga Janairu, su suna Dallas suna biyan haya, ni ne zan riƙa zuwa duba bututu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sun sa shi a kasuwa a makon farko na Disamba, da farashin da dillaliyar ta fitar daga cinikin kaka. Mutum shida suka zo cikin kwana goma sha biyu. Tayi ɗaya aka samu, daga wata ma'aikaciyar jinya da mijinta waɗanda hayarsu ke ƙarewa a ƙarshen Janairu. Sun taya da ragin dala 7,000 daga farashin, sun nemi a biya la'adar dillalinsu. Maigidan Yaya ya so ya ƙi, ta ajiye masa takardar lissafin a gabansa, aka daidaita a ragin 4,000, suka ba da kafin alƙalami. Mai bincike ya rubuta bai ga rufi ba, Yaya ta fito da rasit ɗin da ta adana a cikin jakar takardun makarantar yara. An rufe ciniki a mako na uku na Janairu. Ranar da na je karɓar shebur da buhun gishirin da ta bar mini a gareji, na tarar sababbin masu gidan sun riga sun share hanyar, motar kaya tana tsaye a bakin ƙofa.